Keken ɗinkin da aka gada ya yi nauyi, yana cukurkuɗa zare: ta ina za a fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Pantami, cikin garin Gombe. Mahaifiyarmu ta rasu shekara 4 da suka wuce, ta bar keken ɗinki baƙi na ƙafa, Butterfly, wanda aka saya mata cikin kayan ɗaki. Tun rasuwarta yana rufe. Yanzu na shiga koyon ɗinki, na fito da shi, sai na tarar wilin ya yi nauyi. Na ɗiga masa man gyaɗa ya ɗan saki, bayan mako 2 ya fi da tauri. In na samu ya juya kuma, zare ya cukurkuɗe a ƙasan yadi, wani lokaci ya tsallake, har allura 2 sun karye. Wani ya ce taimin ne ya goce, wani ya ce in sayar wa 'yan gwangwan in sayi sabo. Ko akwai abin da zan iya yi masa a gida?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Hajiya da rahama, ya sa keken nan ya rufa miki asiri kamar yadda ya rufa mata.

In na fahimce ki, Malama, kina son sanin abin da ya sa keken ya yi nauyi, da abin da ya ɓata ɗinkinsa, da kuma ko ya cancanci a wahala a kansa. Bari in fara da na ƙarshen don hankalinki ya kwanta: kada ki sayar. Na haura shekara 20 ina gyaran kekunan ɗinki a garin nan, kuma baƙin nan mai kan ƙarfe da wuya ƙwarai in ga wanda ya mutu murus. Wanda ya faɗo daga mota kansa ya tsage, wannan kam sai dai a kwashe kayan jikinsa. Amma keken da aka rufe a ɗaki shekara 4, abin da ke damunsa bai wuce man da ya bushe ba, da ƙurar da ta shige shi, sai kuma man gyaɗan da aka ƙara masa.

Yana da kyau ki san abin da ke hannunki. Butterfly a birnin Shanghai na ƙasar Sin ake ƙera shi, amma tsarin cikinsa na Singer ne mai lamba 15, wanda aka fara fitarwa tun 1879. Tsofaffin Singer da ake gani a gidajenmu da yawansu daga masana'antar kamfanin da ke Clydebank a Sikotilan suka fito, wadda aka rufe a 1980. Japanawa sun kwaikwayi wannan tsari, Sinawa da Indiyawa ma haka. Amfanin wannan gare ki shi ne kayansa ba sa wuyar samu: allura, bel, kwarkwaron zaren ƙasa da teloli ke kira rila, da gidansa da muke kira shatil, duk za ki same su a babbar kasuwar Gombe wajen masu kayan teloli. Sannan cikinsa ba giyar roba ko ɗaya. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, kuma abin da ke raba su kawai shi ne ɗan siririn mai da ke tsakani. In man nan ya tafi ko ya daskare, keke ya tsaya, ko da kuwa babu abin da ya karye.

Su kuma masu yawo gida-gida suna neman tsohon keke, wasunsu ƙarfen suke so, wasu kuma jita-jitar nan ce ta cewa akwai wani jan sinadari mai tsada a cikin tsohon Singer. Maganar ta yi ƙamari a Saudiyya a 2009, mutane suka riƙa sayen kekuna da kuɗi masu yawa, daga baya ta tabbata ƙarya ce. Na buɗe kekuna ba adadi, ƙarfe ne da mai da ƙura a ciki. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake rabuwa da keken da zai yi wa jika aiki a kan kuɗin da ba zai sayi turmin atamfa ba.

Abin da man gyaɗa ya yi

Ba ke kaɗai ba ce, kusan kowane mako sai an kawo mini keken da aka yi wa haka. Man gyaɗa da manja da duk man da ake ci, in suka sha iska suka daɗe sai su zama danƙo. Dubi bakin galan ɗin man gyaɗa da ya kwana biyu a kicin, yadda yake kama yatsa. To haka ya yi a cikin mahaɗan kekenki. Ranar farko ya jiƙa tsohon man da ya bushe, shi ya sa kika ji sauƙi, daga baya shi da tsohon man da ƙurar hunturu suka haɗu suka zama kamar ƙaro. Baƙin mai na mota ma ba na keke ba ne: ya yi kauri, kuma ɗigo ɗaya in ya taɓa farar shadda an gama. Man keke fari ne tas kamar ruwa, ba shi da wani ƙamshi, ana sayar da shi a 'yar kwalba mai dogon baki. In kin ga ya yi rawaya ko yana da kauri, ki ajiye musu abinsu.

Wanki kafin mai

Fara da sauke bel daga wili. Wannan zai raba miki gardama nan take. Ki taka matakin da ƙafa ba bel, sannan ki juya wilin sama da hannu. Wanda ya yi nauyi a cikinsu, nan ciwon yake. Yawanci kan keken ne, amma na sha ganin zare da tsumma sun naɗe a gindin babban wilin ƙasa, mai keke tana ta zargin kai.

Sai ki cire allura, ki cire madannin yadi da ake kira futa, ki zare shatil da rila, ki kwance sukuru biyun da ke riƙe da farantin da ke ƙarƙashin allura. Kafin ki kwance komai ki ɗauki hotonsa da waya, kuma ki sami faranti ko murfin kwano ki riƙa zuba sukurorin a ciki. Sukudirebar ta kasance daidai da tsagar sukurun. Ƙarama tana cinye kan sukuru, kuma sukurun da kansa ya cinye aiki ne babba.

Da kin ɗaga farantin za ki ga haƙoran da ke jan yadi. Tsakaninsu akwai burbushin zare da gashin yadi da suka danƙare shekara da shekaru, har ya yi kama da wani ɗan ƙyalle da aka sa da gangan. Ba na keken ba ne, ki ƙwaƙule shi duka da tsinke da tsohon buroshin haƙori. Kada ki hura da baki, don kina tura dattin ciki ne, ga kuma danshin numfashi da ke kawo tsatsa.

Wurin da na fi so ki daɗe a kai shi ne zagayayyen gidan da shatil ke zama. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar jinjirin wata, mai tsini a gefe ɗaya. Wannan ƙugiyar ita ce ke kai da komo tana cafko zaren sama daga allura tana zagaya shi da na ƙasa. Tana tafiya a cikin wata siririyar hanya da aka yi mata daidai jikinta, don haka guntun zare da bai kai tsawon farce ba in ya maƙale a nan sai ya tsayar da keken gaba ɗaya. Ki kwantar da kan keken baya, ki kwance abin da ke riƙe da gidan, a wasu sukuru biyu ne, a wasu 'yan maƙalai ne da ake turewa gefe. Ki fito da ƙugiyar, ki goge ta, ki goge hanyarta da tsumma mai ɗan kananzir har sai ƙarfen ya yi haske. Ki shafa tsininta da yatsa a hankali. In kin ji kaushi, allurar da ta karye ce ta sare ta, kuma wannan kaushin na tsinka zare. Sanfefa mafi laushi ake sa wa a ɗan goge, kaɗan kawai, ba tare da an dakushe tsinin ba.

Yanzu sai danƙon. Maganinsa kananzir. Ki fito da keken tsakar gida, nesa da murhu da yara. Ki ɗiga kananzir a kowane ramin mai da ke saman kai, ki buɗe murfin gefen hagu inda sandar allura take ki ɗiga, ki buɗe zagayayyen murfin baya ki ɗiga, ki kwantar da kan ki bi duk mahaɗan ƙasa. Ki riƙa motsa wili gaba da baya iya inda ya yarda. In ya ƙi, ki bar shi ya ɗan sha rana, domin zafi na narka daskararren mai, ki ƙara kananzir, ki bar shi ya kwana. Wani keken kwana 1 ya ishe shi, wanda ya sha man gyaɗa sosai yakan kai kwana 3. Abin da ba na so shi ne a kama wili da filaya ko a buga da guduma. Kekunan da na kasa ceto, yawancinsu ƙarfi ne ya kashe su ba tsufa ba. Fetur kuma kada ya kusanci keken. Da ya saki, ki yi ta juya shi ba zare ba allura, za ki ga wani ruwa mai launin ruwan ƙasa yana tsattsafowa daga mahaɗan. Ki goge, ki ƙara, ki goge, har abin da ke fitowa ya yi fari.

Jikinsa na waje kuwa, baƙin fentin da zanen ruwan gwal ɗin nan wani siririn shafe ne ke kare su, kuma sifirit na narka shi. Omo da soson ƙarfe su ma suna kankare zanen. Ɗan man keke a tsumma mai laushi, a shafa a hankali, a goge da busasshe, ya wadatar. Zanen da hannun Hajiya ya riga ya cinye a gaban allura ki bar shi yadda yake.

Zuba mai

Kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai, yana bushewa ya bar ƙarfe tsirara. Don haka da kin gama sai mai ya biyo baya a ranar. Ba sai na lissafa miki ramuka ba. Ki juya wili a hankali kina kallo, duk inda kika ga ƙarfe na motsi a jikin ƙarfe, ɗigo ɗaya. Ɗaya fa, Malama. Mai da yawa ba ya ƙara wa keke gudu, zuba yake yi a kan yadi yana kuma tara ƙura. Hanyar ƙugiyar nan ta fi ko'ina buƙata, ita ce kuma aka fi mantawa. Kada ki manta da ƙasan tebur: gefe biyu na mataki, da sandar da ta haɗa shi da babban wili, da tsakiyar wilin.

Akwai wuraren da mai bai kamata ya taɓa ba: bel, da 'yar robar da ke naɗa zare a rila, da faifai biyun da zaren sama ke ratsawa. Bayan kin gama ki taka keken na ɗan lokaci ba zare, ki goge, sannan ki ɗinka tsumma har sai kin daina ganin tabon mai. Mai ɗinki kullum ta ɗiga wa hanyar ƙugiya mai kowace safiya, sauran wuraren mako-mako. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, na fi matsa wa mutane a kan shara fiye da mai, don ƙurar da ke sauka a garin nan in ta haɗu da mai tana cin ƙarfe kamar sanfefa. Da damina kuma tsatsa ce abin tsoro, musamman in keken na jingine da bango mai danshi. Kuma a yi wannan aiki tun kafin azumi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kowace shekara sai goman ƙarshe ake cika mini shago.

Cukurkuɗewa da tsallake

Zaren da ya taru a ƙasan yadi yana sa mutum ya zargi shatil, tunda a ƙasa abin ya bayyana. Amma ki sa zare baƙi a sama, fari a ƙasa, ki ɗinka, za ki ga tulin nan baƙi ne. Zaren sama ne ya sauka ba wanda ya ja shi ya koma. Dalilin da ya fi yawa shi ne an sa zare alhali futa na ƙasa. Faifai biyun nan masu matse zare, waɗanda teloli ke kira tenshan, ba sa buɗewa sai an ɗaga futa, don haka zaren ya bi ta bakinsu bai shiga ciki ba. Ki ɗaga futa, ki zare zaren gaba ɗaya, ki ninka tsumma mai tsabta ki ratsa tsakanin faifan don fitar da datti, ki sake sa zaren daga farko, ki tabbatar ya bi ta ɗan siririn sifirin ɗin da ke jikin tenshan, ya kuma shiga idon hannun nan mai hawa da sauka. Sai ki gwada: futa a sama, zare ya zo da sauƙi in kin ja, futa a ƙasa, ki ji ya riƙe. In ba bambanci, matsalar na nan wurin.

Akwai kuma abin da ya shafi sabon hannu, kuma ba laifi ba ne, kowa ta nan ya bi. Wilin wannan keke wajenki yake juyowa kullum. Mai koyo takan taka, wili ya koma baya rabin zagaye ba ta lura ba, nan take zare ya sarƙe ko ya tsinke. Ki tayar da wili da hannun dama sannan ƙafa ta karɓa, ki kuma riƙe bakin zare biyun a bayan futa har ɗinki 2 ko 3 na farko su wuce. Ki yi kwana biyu kina taka shi ba zare har ƙafarki ta saba.

Sukurun jikin shatil shi ne na ƙarshe da za ki taɓa. Ki sa rila yadda in kin ja zare za ta juya kamar hannun agogo, ki ratsa zaren ƙarƙashin ɗan faifan jikin shatil, ki ɗaga shatil ɗin da zaren. Ya kamata ya tsaya a rataye, in kin ɗan girgiza hannu ya sauko kaɗan ya tsaya. In ya zube ƙasa ya yi sako-sako, in ya ƙi motsi ya yi tsauri. Kwata ɗin zagaye ake juya sukurun, kuma a kan faranti, don in ya faɗi a ƙasa ba a ganinsa.

Tsallake kuwa, allura ce abin tuhuma na farko. Wannan keke allura mai gindi da gefe ɗaya a shafe yake ɗauka. Masu shago kan miƙo wa mutum mai zagayayyen gindi, wadda ta manyan kekunan lantarki ce irin su Juki, kuma za ta shiga ramin amma ba za ta zauna inda ƙugiya za ta same ta daidai ba. Sai kuma fuskar da take kallo. A jikin allura akwai dogon kwari a gefe ɗaya, kuma wannan kwarin yana kallon ɓangaren da zare ke shigowa ne. A Butterfly shafaffen gefen na kallon dama, kwarin na hagu, zare ya shiga daga hagu zuwa dama. Wasu Singer akasin haka ne, shi ya sa na ba ki ƙa'idar kwarin. Ki tura allurar sama har ta tokare kafin ki ɗaure. Lamba 14 ta dace da atamfa da yawancin yadi, 11 don yadi mai laushi irin na hijabi, 16 don shadda mai kauri ko inda aka ninka da yawa, 18 don jins da makamantansa. Allurar da ta lanƙwashe ko ta dakushe ba a lallaɓa ta. Ki kwantar da ita a kan madubi, in ba ta miƙe ba ki jefar inda yaro ba zai taka ba.

Karyewar allura 2 da kika ambata, ina kyautata zaton jan yadi ne. In haƙora sun cika da datti ba sa jan yadi sosai, sai mai ɗinki ta taimaka da hannu daga baya, allura ta lanƙwasa ta sari faranti. Hannu saita yadi kawai yake yi, haƙora ke ja. Ki duba ramin farantin ma, in allura ta farfasa bakinsa zai riƙa tsinka zare. Kuma in zaren da kike amfani da shi cikin kayan Hajiya kika same shi, ki ja shi da hannu biyu. Zaren auduga da ya shekara da yawa yana ruɓewa, ya tsinke ba wahala.

Biyu kuma a taƙaice. In wili na juyawa allura ba ta motsi, ƙaramin murfin da ke tsakiyar wilin ne aka sassauta don naɗa rila, sai ki ɗaure shi. In bel na santsi, ki buɗe ƙarfen da ya haɗa bakinsa, ki yanke kaɗan, ki huda sabon rami ki mayar. Kada ya ɗaure tamau, don shi ma yana sa keke nauyi.

Maganar taimin

Taimin na nufin haɗuwar allura da ƙugiya a lokacin da ya dace: allura ta kai ƙasa, ta fara tasowa da kamar milimita 2 da ɗoriya, sai tsinin ƙugiya ya iso daidai bayanta, sama da idonta kaɗan. A wannan tsarin keke an kafe sassan da ke juya ƙugiya da ƙusoshin ƙarfe tun daga masana'anta, ba sa gocewa haka kawai, balle a keken da ke ajiye ba wanda ya taɓa. Abin da kan faru shi ne sandar allura ta ɗan zame sama bayan allura ta daki wani abu mai tauri.

An taɓa kawo mini keke daga Kumo, mai shi ta ce mutum biyu sun gyara mata taimin bai yi ba. Da na duba, allura ce aka sa a juye tun farko. Sai da na shafe wuni ina mayar da sukurorin da aka kwance inda suke, aikin da asalinsa bai wuce minti 1 ba. Shi ya sa nake roƙonki kada ki bari kowa ya taɓa sukurun cikin kai sai kin gama duk abin da na faɗa a sama.

Daga nan Pantami ba na jin ƙarar kekenki, kuma kunne da hannu su ne rabin aikinmu. In kin wanke, kin sa mai, kin sa sabuwar allura daidai, amma har yanzu sabuwar allura na dukan ƙarfe in kin juya wili da hannu a hankali, ko ƙugiya ta ƙi ɗauko zaren ƙasa sam, ko wili na yin tauri a wuri ɗaya tak a kowane zagaye, to aikin ya wuce na gida. Haka in wata rana kika so a ɗaura masa mota ta lantarki, wato ɗan injin da ke juya wili, ko aka ba ki tsohuwar mota mai wayar da ta tsattsage, kada ki jona da kanki, jikin keken ƙarfe ne.

In za ki kai wa mai gyara, ba sai an ɗauki tebur ba. Ki sauke bel, ki kwantar da kan baya, za ki ga sukuru biyu a ƙasa da ke riƙe shi a jikin maƙalan tebur, ki sassauta su ki ɗaga kan, da taimakon wani don yana da nauyi. Ki tafi da shatil ɗinki da rila, da zaren da kike ɗinki da shi, da guntun yadin da ya cukurkuɗe ba tare da kin warware shi ba, don daga shi mai gyara zai fara karanta ciwon. Ki tsaya a gyara a gabanki, kuma ki karɓi duk abin da aka ce an canza, musamman ƙugiya da shatil, domin na asalin da suka zo da keken sau da yawa sun fi sababbin kasuwa inganci.